Tsuntsayen da ka hango a fadamar Argungu iri ɗaya ne, maza da mata

Wani malamin makaranta daga Argungu ya aiko da tambaya. Ya ce a tsakiyar watan Janairu, da hantsi, yana tsaye a kan kunyar wata gonar shinkafa a fadama, sai ya hango tarin tsuntsaye masu ruwan ƙasa suna kiwo a cikin fangalan da aka sako wa ruwa. Nisan da ke tsakaninsa da su zai kai tsawon filin ƙwallo biyu. Yana da madubin hangen nesa, amma iyakar abin da ya iya gani shi ne wasu manya ne wasu ƙanana, ƙafafun wasu ruwan lemo, na wasu kore-kore. Da wani mai babur ya wuce suka tashi gaba ɗaya, bai ji kukan ko ɗaya ba. Can gefe kuma, a bakin magudanar ruwa, akwai wani ƙarami shi kaɗai mai farar gira, wanda shi da ya tashi sai da ya yi kuka. Ya haɗo da hoton da ya ɗauka da waya. Yana son sanin iri nawa ya gani, kuma ko gaskiya ne daga Turai suke zuwa.

Wa alaikumus salam, Malam. Garken nan da ka gani iri ɗaya ne. Manyan su ne maza, ƙananan su ne mata. A littattafan kimiyya sunansa Calidris pugnax, Turawan Ingila na ce masa raf, kuma da wannan gajeren sunan zan ci gaba da kiransa. Shi kuwa na bakin magudana wani iri ne dabam, zan zo kansa.

Kada ka ji haushi, hoton bai taimaka da komai ba. 'Yan ɗigo-ɗigo ne masu ruwan toka a kan ruwa mai ƙyalli. Bayaninka ne ya yi aikin, musamman abin da ka faɗa ba tare da ka ɗauke shi da muhimmanci ba, wato cewa sun tashi shiru.

Yawancin 'yan'uwansa masu dogayen ƙafafu da ke bin taɓo ba sa iya tashi ba su yi magana ba. Da zarar sun firgita sai ka ji sun sako kuka, kuma kukan kowane iri dabam ne, har masu wannan sana'a kan gane tsuntsu da kunne tun ido bai kama shi ba. Raf ba haka yake ba. Garke guda mai ɗaruruwa zai tashi a gabanka, in ka ji wani abu to motsin fukafukai ne kawai. Ko a can ƙasar haihuwarsa, lokacin da maza ke rawar neman mata, kusan a shiru suke yin ta. Saboda haka tsuntsayen taɓo masu matsakaicin girma, da yawa a wuri ɗaya, a gonar shinkafa, a arewacin Najeriya cikin hunturu, sun tashi ba kuka: tun daga nan an yi rabin tafiya.

Sai batun girma, wanda shi ne ya sa ka zaci iri biyu ne. Namijin raf, daga tsinin baki zuwa ƙarshen wutsiya, yana kai santimita 29 zuwa 32, nauyinsa wajen giram 180. Macen kuwa santimita 22 zuwa 26 ce, nauyinta wajen giram 110. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, kuma ba a saba ganinta a wannan dangi ba. A yawancin tsuntsayen bakin ruwa namiji da mace kusan kai ɗaya suke, in ma akwai bambanci to macen ce ta ɗan ɗara. Kusan duk wanda ya fara kallon raf sai ya kasa shi gida biyu. Abin da zai warware maka shi ne ka bar duba girman, ka duba ƙira. Babban da ƙaramar suna da kai iri ɗaya, baki iri ɗaya, taku iri ɗaya, suna cuɗe da juna ba wanda ya ware, in sun tashi kuma tare suke juyawa. Da iri biyu ne na gaskiya, da ka ga wani ya fi wani tsawon baki, ko wani na shiga ruwa mai zurfi wani na tsayawa a gefe.

Akwai ma wani abin mamaki a nan. A 2006 masu bincike a ƙasar Holan suka bayyana cewa a cikin mazan raf akwai wasu 'yan kaɗan, kamar ɗaya cikin ɗari, waɗanda ba sa fitar da ado ko kaɗan, kamarsu kamar mata, girmansu kuma tsaka-tsaki ne tsakanin namiji da mace. Da wannan shigar burtu suke kutsawa cikin mata ba tare da sauran maza sun kore su ba. Ba wai zaka iya tsamo shi daga mita 200 ba, na faɗa ne don in ka ga wani ɗan tsakiya kada ya rikita maka lissafi.

Launin ƙafa da ka ambata shi ne abin da na fi so ka daina dogaro da shi. Ƙafar raf ba ta da launi ɗaya. Na bana, wato waɗanda aka ƙyanƙyashe a daminar da ta wuce, ƙafarsu kore-kore ce ko rawaya mai duhu. Manya kuwa daga rawaya har ruwan lemo har ja-ja. Sannan ga laka. Tsuntsun da ya wuni a taɓon fadama ƙafarsa launin taɓon take ɗauka. To in ka ga garke ɗaya, ƙira ɗaya, amma ƙafafu kala-kala, wannan ma shaida ce ta raf. Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne su ga ƙafa ruwan lemo, su buɗe littafi, su ce ai Tringa totanus ne, mai jan ƙafa. Shi wancan ya fi zama a bakin teku, uban kwakwazo ne, kuma in ya tashi bayan fiffikensa fari ne fat, mai faɗi, ba ya ɓuya. Raf ba shi da wannan.

Yanzu ga abin da zaka duba in ka koma. Ka zaɓi guda ɗaya daga cikin manyan, wanda ya fi kusa, ka zuba masa ido, ka ƙyale sauran. Kansa ƙarami ne in aka gwada da jikinsa. Tumbinsa a cike yake, bayansa da ɗan doro. Idan yana kiwo wuyan a takure yake, amma da ya ji motsi sai ya miƙe tsaye, ka ga ashe wuyan dogo ne. Bakin bai cika tsawo ba, kusan tsawon kansa ne ko ya ɗan fi, kuma ya ɗan sunkuya ƙasa a ƙarshe. Da yawa suna da fari-fari a gindin baki. Gashin bayansa manya ne, tsakiyar kowane ɗaya duhu, gefensa haske, shi ya sa bayan ke fitowa ɓawo-ɓawo. Kuma gashin ba a manne yake ba. In ya sunkuya yana tsinta, iskar hunturu ta buso ta bayansa, sai ka ga gashin ya ɗaga sama, kamar tsohuwar jinka da iska ta ɗaga ciyawarta. Wannan alama daga nesa ake ganinta, ko ba launi, ko rana na gabanka. A cikin tsuntsayen taɓon da muke gani a nan ba wanda ke yin ta kamar shi.

Takunsa ma nasa ne. Ba ya gudu ya tsaya ya sake gudu, ba ya kaɗa gindi, ba ya luma baki har ido yana ta soka. Tafiya yake a natse, kai a ƙasa, yana tsinta nan da can, wani lokaci cikin ruwa iya gwiwarsa, wani lokaci a busasshiyar gonar da aka girbe, nesa da ruwa ma.

In sun tashi, kada ka sauke madubin. Mutane da yawa da tsuntsu ya tashi sai su ce shi ke nan ya tafi, alhali lokacin ne yake nuna maka abin da ya ɓoye yana tsaye. Ka bi guda da ido, ka duba tsatsonsa, wato daidai saman wutsiya. Raf yana da fari guda biyu masu siffar ƙwai, ɗaya dama ɗaya hagu, da layi mai duhu ya ratsa tsakaninsu. A fiffike kuma akwai siririn farin layi da ƙyar ake ganinsa. Bugun fiffikensa a sake yake, ba gaggawa, kuma kafin ya sauka yakan ɗan yi lilo ba bugu. Ka ga waɗannan farare biyu, magana ta ƙare.

Wani abu da zai iya tayar maka da hankali: a cikin babban garke akan sami namiji ɗaya ko biyu masu farin kai da farin wuya, fari tas, su fito dabam a cikin 'yan'uwansu. Ba baƙon iri ba ne, raf ne.

Kafin in koma kan ɗan bakin magudana, bari in faɗi dalilin da ya sa na yi ta nanata ƙira da ɗabi'a na bar launi. Madubin da yawancin mutane ke riƙewa mai ninki 8 ne, shi ne zaka ga an rubuta 8x42 a jikinsa. Ma'anarsa abin da ke mita 200 zai zo maka kamar yana mita 25. To ka tsaya mita 25 daga kurciya ka gani. Zaka gane kurciya ce, zaka ga tafiyarta, amma ba zaka iya ƙirga zanen gashinta ba. Ƙara da cewa ka je da hantsi, ƙasa ta fara zafi, kawalwalniya ta tashi a kan ruwa tana kaɗa komai. Ƙara da hazon Janairu, mai mayar da ja ruwan ƙasa, ya mayar da ruwan ƙasa toka. Madubi ba ya cire hazo, ninka shi yake yi tare da tsuntsun. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A irin wannan yanayi launi shi ke fara ɓacewa, sai zane, abin da ke saura shi ne siffa, motsi da murya.

Girma ma ba a auna shi da ido kawai a fili fetal. Tsuntsu shi kaɗai a kan taɓo zai iya yi maka kama da babba ko ƙarami gwargwadon yadda ka zaci nisansa. Ka nemi ma'auni a kusa da shi. A fadamunmu ma'aunin da ba ya yankewa shi ne zakaran ƙeƙuwa, mai baƙar hula da fararen kumatu, wanda ke tona asirin duk mai wucewa da ihunsa. Shi ɗan gida ne, yana nan rani da damina. Namijin raf ya kai shi tsawo ko ya ɗan fi, sai dai ya fi shi sirantaka. Macen ba ta kai shi ba. Balbela kuwa ta fi su duka nesa ba kusa ba.

To, ɗan bakin magudana. Ƙarami, shi kaɗai, mai farar gira, ya tashi da kuka. Iri uku ne ke takara a nan, dukansu baƙi ne daga arewa, kuma na fi karkata ga Tringa glareola. Dalilina girar ce. Tasa doguwa ce, ta wuce ido har ta kai bayan kai, shi ya sa ake hango ta daga nesa. Tsawonsa wajen santimita 20 ne, bai kai macen raf ba, siriri ne, ƙafafunsa rawaya-rawaya masu ɗan tsawo, bayansa ruwan ƙasa da ƙananan fararen ɗigo kamar an yayyafa. In ya tashi tsatsonsa fari ne guda ɗaya, murabba'i, ba layi a tsakiya, ƙarƙashin fiffikensa haske ne, yatsunsa na leƙowa bayan wutsiya, kukan kuma siriri ne mai sauri, cif-if-if. Yana son fangalin shinkafa da ruwa mai ciyawa ƙwarai.

Wanda ke iya ƙwace masa wannan suna shi ne Tringa ochropus, kuma wurin da ka gan shi, bakin magudana shi kaɗai, ya fi kama da halin wannan na biyun, shi ya sa ban rufe ƙofa ba. Shi ya fi duhu, ya fi kauri, ƙafarsa ta fi gajarta, girarsa kuma a gaban ido take tsayawa ba ta wucewa. Tashinsa ne ke raba gardama: sama da ƙarƙashin fiffike duk baƙi-baƙi ne, tsatso da ciki fari ƙal, sai ka ga tsuntsu baƙi da fari ya yi sama a karkace yana tuluwit-wit-wit da ƙarfi. Wannan tsuntsun, abin dariya, a can dazuzzukan arewa a kan bishiya yake saka ƙwai, cikin tsohuwar sheƙar wasu tsuntsaye, alhali yawancin danginsa a ƙasa suke yi. Na ukun, Actitis hypoleucos, da shi ne da ka faɗa da kanka, domin ba ya minti guda bai kaɗa gindi sama da ƙasa ba. Farin cikinsa kan hau ya shiga tsakanin ƙirji da kafaɗa, ba shi da farin tsatso, kuma in ya tashi ba ya yin sama, ƙasa-ƙasa yake bi daf da ruwa, fukafukai a lanƙwashe suna karkarwa. Ka ga ke nan tambaya ɗaya ce zaka koma da ita kan wannan tsuntsu: ƙarƙashin fiffikensa haske ne ko duhu?

Sauran baƙin da zaka iya tararwa a wurin ba su da wuyar rabewa da raf. Tringa nebularia ya fi haske, ƙafarsa kore, bakinsa dogo mai ɗan ɗagawa sama, farin tsatsonsa ya hau har tsakiyar baya, kukansa tiyu-tiyu-tiyu ana jin sa daga ƙetaren gulbi. Tringa stagnatilis kamar ƙaninsa ne, sai dai baki siriri ƙwarai. Limosa limosa babba ne mai miƙaƙƙen dogon baki, da baƙar wutsiya da faffaɗan farin layi a fiffike, shi ma yana cin shinkafa kuma yakan shiga cikin raf. Su kuwa 'yan mitsi-mitsin nan masu baƙar ƙafa da ke ta sauri a bakin laka, waɗanda ba su fi gwara ba, yawanci Calidris minuta ne.

Batun Turai gaskiya ne, har ma an rage. Raf yana haihuwa a fadamu da filayen dausayi na arewacin duniya, tun daga Suwidin da Finlan, ya ratsa arewacin Rasha har can gabashin Saiberiya. Waɗanda suka fito daga can ƙurya suka zo Afirka ta Yamma, zuwa da komawarsu a shekara na iya kai kilomita 30,000. Cin rani suke zuwa yi. Suna fara isowa wajen Agusta da Satumba, su yi yawa in ruwan fadama ya fara janyewa, su juya a Maris da Afrilu. Sun yi hannun riga da shamuwa ke nan: ita da damina take zuwa ta yi sheƙa a garuruwanmu, in rani ya shigo ta yi kudu, ba ta barin Afirka. Su kuwa ba sa sheƙa a nan ko kaɗan. Ci kawai ya kawo su. Wuraren da suka fi taruwa su ne manyan fadamun da ke kudu da hamada, kwarin kogin Senegal, fadamar Neja ta cikin Mali, Tafkin Chadi, da fadamar Haɗejia da Nguru, inda ake ƙirga su dubun-dubata a ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu. Fadamar gulbin da ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara Bunza kafin ya faɗa Neja tana kan wannan layi.

Da zaka ga namijin nan mai ruwan ƙasa a watan Mayu a can gida, da ba zaka yarda shi ne ba. Wani tulin gashi ke fito masa ya kewaye wuya, ga tukkaye biyu a ka, fuskar ta yi ƙuraje-ƙuraje masu launi. Wani baƙi, wani fari, wani ja, wani mai ratsi, da wuya ka sami biyu iri ɗaya. Sai su taru a wani ɗan fili, kowa ya kama taki ɗaya ko biyu ya ce nasa ne, suna tsalle suna buɗa gashi suna kai wa juna hari, mata na zuwa suna zaɓa. Daga nan namiji ya gama nasa. Mace ita kaɗai ke kwanci a kan ƙwai huɗu, ita ke kula da 'ya'ya. Maza ne ke fara barin can, mata su biyo, 'yan bana su zo daga baya. A dawowa ma maza ne ke gaba, don su riga kama fili. Da wannan zaka iya gwada maganata ba tare da ka yarda da ni ba: ka ci gaba da leƙa fadamar. Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris zaka fara ganin wasu manyan sun yi dabbare-dabbaren baƙi ko ja a ƙirji da wuya, adon ya fara tsirowa, sannan manyan su yi ta raguwa, garken ya koma kusan duk ƙanana.

Na san in ka faɗa wa mai gonar cewa tsuntsayen nan na cin shinkafa, fuskarsa za ta canza, don mutumin Kebbi ya sha wuya a hannun jan-baki. A bambanta masa. Jan-baki kan zangarniya yake sauka ya tsotse ƙwaya tun tana madara. Raf ba ya iya hawa kara, ƙafarsa ba ta kama reshe. Abin da ya fi ci shi ne ƙwayar da ta zube a ƙasa bayan girbi da sussuka, sai tsutsotsi da ƙwarin cikin laka. Inda zai iya taɓa manomi shi ne in an watsa iri a fili ba a rufe ba. Mai dashe ba ruwansa. Da wannan tsintuwar yake tara kitsen da zai haye Sahara da Bahar Rum da shi. Ni a ganina gonakin rani sun zame masa madadin abin da ya rasa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 kusa da Talata Mafara, aka ƙara da ta Goronyo, ambaliyar da ke shimfiɗa a fadama kowace shekara ba ta kai yadda take a da ba. A ɗaya gefen kuma noman shinkafar rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Kowane fangali da injin ban ruwa ya jiƙa ya zama ɗan ƙaramin tafki mai zurfin da ƙafar raf ke so.

Game da komawa, ka fita bayan sallar asuba, ka isa rana na ɓullowa, kafin ƙasa ta ɗauki zafi. Ka zagaya ta gabashin gonar don rana ta kasance a bayanka. In tana gabanka, kowane tsuntsu baƙar inuwa ne. Kada ka nufe su kai tsaye. Ka bi kunya a karkace kamar mai zuwa wani wuri, ka sami gindin wani abu ka zauna, ka dafa gwiwar hannu a kan gwiwa don madubin ya daina rawa. Sun saba da manoma, mutum a zaune ba ya damunsu, kuma suna kiwo suna matsowa. Kada ka tayar da su da gangan don ka ga tsatso. Ka yi haƙuri, shaho ko mai babur zai yi maka wannan aikin. In zaka ɗauka da waya, bar jan hoto da yatsa, ba ya ƙara komai sai dishi-dishi. Ɗora idon kyamarar a kan idon madubin, kuma ka ɗauki bidiyo maimakon hoto, ko na daƙiƙa 20 ne. Bidiyo mara kyau yana riƙe taku, da tashi, da kuka. Manhajojin da ke faɗin sunan tsuntsu daga hoto kuwa, ka ba su ɗigon toka ma za su ba ka suna da cikakken ƙarfin hali, saboda haka ka rubuta abin da idonka ya gani a takarda kafin ka tambaye su, kafin ma ka buɗe littafi. Da zarar mutum ya ga zanen littafi, sai ƙwaƙwalwarsa ta fara tuna masa abin da bai gani ba.

Kuma zamanin da muke ciki, baƙon mutum tsaye a bakin fadama da madubin hangen nesa abin tambaya ne. A Argungu an san ka, amma in ka faɗaɗa zuwa wajen Yauri, ko tsibiran Foge na cikin tafkin Kainji da aka sa a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, ko bakin Bakolori, ka fara gaida mai gari da Sarkin Ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ka ba yara madubin su leƙa. Masunta sun fi kowa sanin inda tsuntsaye ke kwana.

Abin da ka gani yana da amfani ga wasu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke aika mata abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ka sa raf da zarar ka ga farare biyun nan. Ɗan bakin magudana kuwa ka bar shi a takardarka da sunan Tringa kawai har sai ka ga ƙarƙashin fiffikensa, don suna mara tabbas a taswira ya fi gurbi mara suna ɓarna.

Ka riƙa duba ƙafafu kuma, ba don launi ba, don zobe. Tun 1899 da wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba, da wannan hanya aka gano mafi yawan abin da na faɗa maka game da tafiyarsu. Masu bincike na Jami'ar Groningen sun sa wa raf masu yawa zobba masu launi a lardin Friesland na Holan, inda suke yada zango a hanyarsu ta komawa. In ka hango mai zobba, ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu dabam ta dama dabam. In kuma wani maharbi ko mai tarko ya nuna maka zoben ƙarfe, ka kwafi lambar da adireshin da ke jiki, da ranar da aka kama tsuntsun da sunan wurin, ka aika wa mutanen Jos. Amma wanda ka tsinta a mace, ko yana layi ya kasa tashi, kada ka taɓa shi da hannu, kada yara su kai shi gida cikin kaji. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 kuma tana sake ɓullowa. Ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, su zo da safar hannu su ɗauka.